Ranar da Aka Ƙirga Mu Aka Ce Mun Cika

Bahar, babban koginmu, ya fara ja. Kwana huɗu ke nan ruwan da ake kawo mana a jarka yana zuwa kamar shayin da aka zuba wa madara, sai ya kwana a randa kafin ya shawu. Duk wanda ya tashi a bakin wannan kogi ya san ma'anar haka: an yi ruwa a duwatsun da ba mu taɓa gani ba, kuma yana hanya. A da, idan bahar ya sauya launi, tsofaffin hillarmu, wato ƙauyenmu, kan fita da hantsi su kafa turaku a gaɓa, su dawo su gaya wa mata abin da suka gani, kowa ya san iya tsoron da zai ji a ranar. Yanzu masu kafa turakun suna makabarta, samarin da ya kamata su gaje su kuma fitinar ƙasar nan ta watsa su, wasu Sennar, wasu inda ko waya ba ta kaiwa. Mu da muka rage mata ne, da yara, da tsofaffi, da irina masu tafiya da sanda. Shekaruna ba su kai na masu cewa "a zamaninmu" ba, amma garin da na girma a cikinsa ya riga ni tsufa, kuma idan na tuna shi sai in ji kamar wata tsohuwa ce ke tunawa a cikin ƙirjina.

Na fi tuna shi da kunne, don ni mai zama ce wuri guda. Da sassafe ƙarar injin ban ruwa daga lambunan gaɓa, tuf-tuf-tuf, kamar zuciyar wani babban abu mai barci. Sai kukan ƙafar karo, amalanken jaki, na mai kai kuɓewa kasuwar Mai Wurno. Sai ƙamshin gahawa ana soyawa a maƙwabta, ƙaramin turminta yana amsa wa babban turmin dawa. Da damina kwaɗi su karɓe gari tun la'asar. Aikina shi ne duk aikin da ake yi a zaune: tsince tsakuwa daga wake, yanka kuɓewa a shanya, ɓarar gyaɗa, tsefe wa ƙanwata kai. Akwai guda ɗaya da ba na zaune ba. Idan dawa ta yi ƙasa a rumbun tsakar gida, ni ake sawa in shiga, don ba ni da nauyi kuma hannuwana sun fi na sa'o'ina ƙarfi. In kama gungumen da aka sassaƙa wa matakai in ja jikina sama, in zura ta baki, in riƙa miƙo kwano. Ina son cikin rumbun nan. Duhu ne mai ɗumi, kuma a can babu wanda ya fi ni ƙafa.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Shan inna ya same ni ina shekara uku, ya bar mini ƙafa ɗaya kamar tsumma, ɗayar kuma sai da sanda. Tun kafin haka ma, ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, wadda muke kira Habboba kamar yadda Larabawan maƙwabtanmu ke kiran tasu, kuma sunanta aka sa mini. Uwa a cikinmu ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci. Idan kuma sunan surukarta ne, kunyar ta zama biyu. Mahaifiyata ta riƙe wannan hannu bibbiyu. Idan za ta ba ni abu sai ta ba ƙanena ta ce, "Kai wa waccan." Idan dole ta yi mini magana sai ta ce, "Ke." Ni kuma Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta na faɗa. Baƙo idan ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce uku, ta lissafa na bayana. Mata suna yaba mata. Habboba da kanta takan ce, "Matar ɗana ta san abin da ake ciki, ba irin na yanzu ba masu lasar 'ya'yansu kamar kyanwa." Ban taɓa jin haushi ba. Nakan tarar da tsokar nama a ƙasan tuwona, in san ba Habboba ta sa ba, don ita ba ta rabuwa da nama.

Hillarmu tana zaune tsakanin ruwa biyu: bahar a gabas, da wani busasshen kwari a yamma wanda kan yi shekaru bai ɗauki ko ruwan alwala ba. Muna da tsarinmu na ambaliya, kuma muna alfahari da shi. An rataye wani tsohon ƙarfen tayar tarakta a darbejiyar ƙofar masallaci. Idan aka buga shi ba ƙaƙƙautawa, masu karo su bi gida-gida su kwashe tsofaffi da marasa lafiya su kai su makaranta, wadda ke kan tudu. Masu ƙafa kuma su gudu su hau gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, don ta fi kusa kuma tana da tsawo. A can mai gari zai bi mata ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Naki sun cika?" A ganinsu babu wanda ya kai uwa sanin adadin 'ya'yanta. Ni kuwa an sha gaya mini nawa aikin: "In kin ji ƙarfe, zauna inda kike. Kada ki ja jiki ki fita a neme ki a rasa. Za a zo."

Akwai wani gargaɗin kuma, wanda Habboba ke yi mini tana shafa mini man riɗi a ƙafa. Ta ce bahar yana da mutanensa, kuma idan ya cika sukan biyo shi su shigo gari. Ba sa kama kowa da ƙarfi. Murya suke ara, ta wani da ka sani, su kira ka da cikakken sunanka, idan ka amsa shi ke nan ka zama nasu.

"To yaya zan gane su, Habboba?"

"Ki saurara da kyau, takwara. Suna iya aron murya, amma ba su san halin mai ita ba. Sai su sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba."

"Ke kin taɓa jin su?"

"Ni? Mi za su yi da ni, ba haƙori ba gashi? Irinku suke so, masu surutu."

Na yi dariya a lokacin. Na yi karatu daga baya, na san abin da littafi ke cewa game da irin wannan, amma har yau ba na son a kira ni daga wajen ruwa.

Ranar da abin ya faru ko gajimare babu. Ranar kasuwa ce, maza sun tafi Mai Wurno tun da safe, har da babana. Turakun gaɓa sun nuna bahar bai ƙaru da ko yatsa ba, saboda haka hankalin kowa kwance, ba wanda ya waiwayi kwarin yamma. Habboba ta yafa farin tobinta, dogon mayafin matan nan, ta tafi ta'aziyya a ɗaya ƙarshen gari, ta bar mini faifan wake da umarnin kada in bar kaji su ci. Yaya ta tafi lambu da ƙannena uku. Ina zaune a ɗakin Habboba, wajen azahar, na ji ƙarfe.

Na ajiye faifai na gyara ɗankwali na zauna, kamar mai jiran baƙi. Na ji gudu, na ji mata na kiran 'ya'yansu, na ji wani yana zagin jakinsa, na ji karo ya wuce ta bayan katangarmu. Na ce wannan ya cika, na baya ne nawa. Na biyu ya wuce. Daga nan ƙarfen ya yi shiru, kuma shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Ban taɓa jin hillarmu ba turmi, ba rediyo, ba kukan jariri ba. Sai kaji kawai, da suka hau katanga suna wani irin kuka da ban san su da shi ba. Sannan wata ƙara can ƙasa-ƙasa, kamar ana jan ƙatuwar tabarma a kan yashi.

Ruwan, wanda ashe kwarin yamma ne ya kawo shi, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa a hankali, yana turo karare da kashin awaki a gabansa. Na ɗaga ƙafata da hannu na hau angarib, gadon igiya na Habboba. Tururuwa suka fito daga ko'ina suka hau bango layi-layi ɗauke da ƙwansu, kunama biyu suka bi su. Na riƙa kallon ƙafar gadon ina cewa idan ruwa ya kai wancan tabon za a zo. Ya kai, ya wuce. Na kira Habboba. Na kira babana, ko da na san yana kasuwa. Na kira maƙwabta gida-gida. Yaya kaɗai ban kira ba, bakina bai saba ba. Ina cikin haka gadon ya motsa a ƙarƙashina ya juya kamar jirgi, sai wani ɓangaren bango ya saki ya faɗa ruwa, ɗakin ya yi haske ta inda bai kamata ba. Ginin ƙasa narkewa yake daga gindi kamar sukari. Na nemi sandata na ga tana yawo a bakin ƙofa, ta fita ta bar ni. A nan na karya umarnin da aka ba ni. Na sauka cikin ruwan, ya kai mini wuya don a zaune nake tafiya. Na kama bakin ƙofa, na kama turken rumfa, na kama gungumen rumbu. Yadda na hau ban sani ba. Na zura ciki na faɗa kan dawa, na ci gaba da ihu har muryata ta ƙare.

Abin da ke faruwa a waje a lokacin, Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta ba ni labarinsa daga baya, ta kuma maimaita shi har ya zama kamar da idona na gani. Masu karo sun ɗauki Habboba daga gidan makoki tare da sauran tsofaffi. Ta yi ta ce musu, "Takwarata na ɗaki," mai karon ya ce, "Uwarta na nan, Hajiya, za ta ɗauko ta," ya kaɗa jakinsa. Yaya kuma da ta fito daga lambu da yara, ta hango farin tobin Habboba a kan karo ana nufar makaranta da ita. Habboba ba ta taɓa hawa karo ba sai da ni, saboda haka Yaya ta ɗauka ina ciki, ta ja yaranta zuwa tur'a. Mai gari ƙanin kakana ne, wato surukinta. Da ya zo kanta ya ce, "Naki sun cika?" ta sunkuyar da kai ta ce, "Uku ne, ga su." Ya wuce. Da ya kai ƙarshen layi ya ɗaga hannu ya ce alhamdu lillahi, an cika.

Can sai wata mata ta iso daga wajen makaranta, aka kewaye ta ana tambayar wa da wa ke can. Ta lissafa tsofaffi, ta lissafa makahon ladani, ta lissafa mai jego da jaririnta. Gwaggo ta ce ta ga Yaya ta matso tana saurare, tana murza bakin tobinta, har matar ta gama. Tambayar ko ina can ba ta wuce kalma uku ba, amma ga dattawa tsaye, ga dangin miji ko'ina. Ba ta yi ba. Ta sauke ƙaramin daga baya ta miƙa wa Gwaggo.

"Riƙe mini wannan. Na bar akuya a ɗaure."

"Akuya? Yanzu? Bar ta, Allah ya mayar da alheri."

"Tana ɗaure," in ji Yaya, ta gangara.

Mai gari ya kira ta, ba ta juya ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Gwaggo ta ce sai da ta ga ruwa ya kai wa Yaya ƙugu sannan ta tuna an sayar da akuyarmu tun kafin azumi.

Ni ina cikin rumbu ban san ko ɗaya daga wannan ba. Ina ganin sama ta bakin rumbun, shuɗiya tas, shirwa tana shawagi kamar kowace rana. Ƙasan dawar ya fara jiƙewa, sanyi yana hawowa ta cikin ƙwayoyin zuwa cinyata. Duk lokacin da wani abu ya bugi rumbun daga waje sai in ji ya yi rawa. Ina karanta abin da na haddace, ina rikita ayoyi ina sake farawa. Sai na ji an kira ni.

"Halimatu."

Muryar Yaya ce, daga wajen ɗakin Habboba, a kan ruwa. Jikina duka ya miƙe zai amsa, sai gargaɗin Habboba ya faɗo mini a rai. Shekara goma sha ɗaya ina jin muryar nan kullum, tana korar kaji, tana kiran ƙannena, tana ciniki da mai gawayi, ban taɓa jin sunan nan a cikinta ba. Na ce sun ari murya, ba su san halin mai ita ba. Na cusa hannu a baki na cije.

"Halimatu. Halimatu."

Ta kira shi cikakke, har da wani laushi da ban san ta da shi ba, kuma laushin ya ƙara tabbatar mini. Na lafe a jikin rumbu na rufe ido. Na ji ana tafiya cikin ruwa, an zo kusa har ina jin numfashi, an wuce. Muryar ta nufi bayan gida, ta nufi ƙofar waje, ta yi nisa. Ina kuka ba sauti, ina gode wa Allah da ya tsare ni. Babu lokacin da na fi juyawa a raina kamar wannan: uwata tana fita daga gidan, ni kuma ina murna.

Ban san abin da ya dawo da ita ba, ita kuma ba ta taɓa faɗa ba. Na dai ji ruwan yana motsi kuma, sai murya ta tashi a tsakar gida, a shaƙe, a fusace, irin wadda take yi idan an bar mata ƙofa a buɗe awaki sun shiga.

"Ke! Ke mai kunnen ƙashin nan, in kina ji ki motsa, ni ba ni da wunin ɓatawa a kanki."

Wannan kam Yaya ce. Na buɗe baki, ba murya. Na lalubi kwanon awo a cikin dawa na jefa shi ta bakin rumbun da duk ƙarfin hannuna. Na ji ya faɗa ruwa. Sai ga yatsu a bakin rumbu, sai ga fuskarta, ba ɗankwali, da laka har gira. Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko da na sani, sannan ta kawar da kai.

"Mi ya hana ki amsa?"

"Na ɗauka mutanen ruwa ne," na ce da raɗa.

"Mutanen ruwa su yi mi da ke? Kama wuyana."

Ta juya mini baya, ta warware tobinta ta ɗaure ni da shi, ɗauri biyu, kamar jaririya. Ruwan ya kai mata ƙirji, ƙafafuna suna ja a baya kamar ba nawa ba. Ba mu kai ƙofar gida ba na ji wani nishi a bayanmu, na waiga na ga rumbun ya durƙusa ya zauna cikin ruwa, dawa ta bazu. Yaya ba ta waiga ba. Babu hanya kuma, babu lungu, sai kawunan katangu da rufin ɗakuna. Ta riƙa bin darbejiya ɗaya bayan ɗaya, ta rungumi wannan ta huta ta nufi waccan. Mushen tunkiya ya wuce mu. Wani angarib ya wuce da tukunya a kansa. A wani wuri na ji jikinta ya ƙame gaba ɗaya, ta ja iska ta haƙora. Kwanon rufi ne a ƙarƙashin ruwa ya yanke ta a agara. Na ce, "Yaya, sauke ni a bishiyar nan ki je ki kira mutane." Ta ce, "Rufe mini baki, kina ƙara nauyi." Ina jin bugun zuciyarta ta bayanta, da sauri kamar na tsuntsu. Sau biyu ƙafarta ta zame muka nutse tare, sau biyu ta taso da mu. Na san idan ta faɗi na uku, ɗaurin da ta yi ba zai bar ko ɗayanmu ta tsira ba, kuma na san ta san haka lokacin da take ɗaurawa.

Wajen rabin hanya muka haɗu da dattawa uku da ba su je kasuwa ba, riƙe da igiya. Gwaggo ce ta tayar da su da ihu. Suka ja mu zuwa tur'a. Muka hau gaɓa. Yaya ta kwance ni ta ajiye a gaban Gwaggo, ta ce, "Ga 'yarku nan," ta ɗingisa ta koma gefe ta karɓi ƙaraminta ta ba shi nono, jini na bin ƙasa daga ƙafarta. Mai gari ya zo ya daɗe tsaye a kaina. Ya ce, "Na tambaya, aka ce mini an cika." Kuma ba wanda ya yi masa ƙarya. Ƙannena kuwa suka samu abin tsokana, har na shiga sakandare suna ce mini Akuyar Yaya.

Mun sake gina gari. Habboba ta rasu bayan damina biyu, ba ta sake ba ni labarin mutanen ruwa ba. Ƙafar Yaya ba ta koma daidai ba. Yanzu da girma ya zo, daga ɗaki zuwa rumfa sai ta dafa bango. Babana da ƙannena maza hanya ta rufe da su a wani gari. Ƙarfen darbejiya ya ɓace, karo biyu suka rage a hilla duka. Kunya irin ta Yaya ta ragu, matan yanzu suna kiran 'ya'yansu na fari da suna har da ƙari, kuma ba zan ce ban ji daɗin hakan ba. Amma waɗanda ake mantawa ƙaruwa suka yi. Akwai matar da ke takaba, wadda ba za ta taka ƙofar gida ba sai malami ya ce mata ta fita. Akwai kurman da ba zai ji ba ko an buga ƙarfe goma. Akwai saurayin da danginsa ke kullewa a ɗakin baya saboda taɓin hankali, ba sa ambatonsa ga baƙi. Ga waɗanda gudu ya kawo mana suna kwana a shagunan da aka bari, da yara a cikinsu da ba su da uwar da za a tambaya ko sun cika. Masu kawo taimako idan sun zo, mai gida suke tambaya mutum nawa gare shi, su rubuta abin da ya faɗa, su tafi. Tambayar mai gari ce dai, da takarda.

Shi ya sa da bahar ya fara ja na ɗauki littafi na bi gari a kan kekena mai ƙafa uku. Ban tambayi kowa 'ya'yansa nawa ba. Na ce a nuna mini kowane ɗaki, a gaya mini wa ya kwana a cikinsa jiya, kuma idan ruwa ya zo wa zai ɗauke shi, a faɗa mini sunan mutumin. Wasu sun ji haushi. Wata ta ce, "Ke da ba ki iya ɗaukar kanki, ke ce za ki raba masu ɗauka?" Na ce ai shi ya sa. A wasu gidajen na rubuta wanda za a ɗauka, gurbin mai ɗauka ya zauna fari, kuma waɗannan guraben su suka fi damuna. Na gidanmu yana cikinsu. Matar da ta ratsa ruwa da ni a baya, ba zan iya matsar da ita ko taki ɗaya ba.

Jiya da la'asar ina zaune a rumfa ina kwafe sunayen a takarda mai kyau da zan kai wa lajnar gari, wato kwamitinmu, Yaya tana gefe tana tsince shinkafa. Ba ta yi boko ba, sai ta ce in karanta mata. Na karanta tun daga farko, tana gyara mini: wance ta koma gidan ɗanta, wane ba ya jin kira sai an taɓa shi. Da na kai sunanta ta yi tsaki. Da na gama hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Sake dubawa."

Na duba. Na ce ban tsallake kowa ba, ɗaki-ɗaki na bi.

"Akwai wata a gidan nan da ba ta iya gudu. Ban ji ta ba."

Na sake kallon takardar. Ban sa sunana ba, ko a raina bai zo ba.

"Rubuta ta," in ji Yaya. "A sama, kafin nawa. Da manyan baƙi, yadda ko marar tabarau zai gani."

Na rubuta. Ta miƙo hannu na ba ta takardar, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe a kan layin farko ko da ba ta iya karanta shi. Sannan ta miƙo mini, ta ce in tashi in kai tun rana ba ta faɗi ba, don iska ta juya.